Man Kaɗe a Safar Mansur

Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta, da ranar Larabar da na tsinci safar hannun Mansur a cikin kwandon wanki. Abla Nura, shugabarmu ta ɗakin wanki, ita ta ce in rubuta labarin saboda ku da aka ɗauka bana, don ku san abin da ya sa muke tsananta dokar nan da ke manne a jikin ƙofa: duk abin da ba tufafi ba, mamnu'u ne, wato an hana a taɓa shi. Dokar tana nan tun kafin wannan abin. Ni ce dai na karya ta, kuma da kyakkyawar niyya na karya ta. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, ina da 'ya'ya uku a lokacin.

Sharikar, wato kamfanin da ya ɗauke mu aiki, ta turo ni wannan kulob ne tun shekarar da aka buɗe shi, can bayan gonakin dabino na Al-Awali. Kulob ɗin wasan besbol ne, ban taɓa jin sunan wasan ba sai ranar da na zo. Ni da Hawwa, 'yar Chadi, mu biyu aka ba ɗakin wanki. Aikinmu ba ya canzawa: bayan kowane atisaye ko wasa a turo mana kwanduna ta ƙofar baya, mu ware fari da mai launi, mu jiƙa wandunan da suka sha jar ƙasa, mu wanke, mu goge, mu jera wa kowa nasa a kabad ɗinsa bisa lambar rigarsa kafin maza su iso. Ɗakin yana da taga ɗaya mai kallon gefen fili. Ta wannan tagar na koyi wasan, a hankali, kamar yadda na koyi karatu.

Ga yadda yake, don wadda ba ta sani ba. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, ƙarama kamar lemo amma da taurin dutse, mai bugu ya make ta da kulki ya ruga a guje. Akwai tashoshi uku da zai taka kafin ya dawo inda ya tashi, in ya dawo an ci ɗaya. Su kuma masu tsaro su cafe ƙwallon su jefa wa mai tsaron tasha kafin mai gudun ya iso. In ta riga shi, ya fita. Mutum uku suka fita sai a yi musanya. Haka za a yi ta yi har zagaye tara.

Akwai kuma wani mutum da ba ya gudu, ba ya bugu, amma kowa yana shakkarsa, shi ne mai rubuta wasa. Yana zaune can sama da takarda. In ƙwallo ta zo wa ɗan wasa, irin wadda ya kamata ya kama, sai ta kuɓuce masa, ko ya jefa ta inda ba kowa, to mai rubutu zai sa masa alamar kuskure. 'Yan wasan nan da albashi suke yi, kwantiragin kakar wasa ɗaya-ɗaya. In kaka ta ƙare, waɗannan takardun ake bajewa a ofis a duba wa za a sabunta wa, wa za a sallama.

Mansur shi ke tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, wurin da ƙwallo ta fi zuwa da gudu a ƙasa. Shekararsa talatin da ɗaya a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu, kuma shi ke riƙe da mahaifinsa. A ƙasar nan aka haife shi. Kakanninsa daga Katsina suka zo aikin hajji suka zauna. Mahaifinsa ya yi tuƙi a wani kamfani can gabas, inda 'ya'yan baƙi ke buga wasan, a can Mansur ya koya tun yana ƙarami. Yana jin Hausa sarai, amma ba ya mayarwa. In na ce, "Mansur, ina gajiya?" sai ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillah, ya Khala," wato gwaggo. Shi kaɗai ne cikinsu yake juya safar ƙafarsa ya karkaɗe ƙasa kafin ya jefa a kwando. Wadda ta yi wanki ta san girman wannan.

A kakar nan kowa ya san matsayinsa yana rawa. Bugunsa ya ragu, kuma an kawo wani matashi da ke zaune a benci yana jiran wurin. Wasa uku suka rage.

Ranar Larabar, bayan atisaye, ina ware kaya sai na ji nauyi a cikin riga mai lamba goma sha huɗu. Na warware, sai ga safar. Daga baya na ji cewa mahaifinsa ne ya kira shi yana jira a kai shi Harami sallar la'asar, sai Mansur ya nannaɗe ta a riga cikin sauri, ya manta ya jefa duka. Safar da suke kama ƙwallo da ita ta fata ce, babba, kamar faifai mai yatsu. Tasa kuwa abin tausayi. Ta yi baƙi ƙirin da gumi, ta bushe, tafin ya tsattsage kamar diddigen tsohuwa, ƙaramin yatsan ya karkace ciki, igiyoyin fatar da suka ɗaure yatsun sun saki.

Ni 'yar baduku ce. A gaban mahaifina na tashi a Kano, ina riƙe masa fata yana huda ta da basilla. Ban iya ganin fata tana ƙishirwa in wuce. Na ce wa Hawwa, "Dubi abin da yaron nan yake neman abincinsa da shi."

Ta leƙo ta ce, "Rabi, ajiye masa a kabad. Ba riga ba ce."

Na ce, "Gobe da jibi hutu ne, ba atisaye. Kafin Asabar na mayar."

Ta ce, "Ke dai in kin ga jakin mutane da ƙura sai kin yi masa wanka. Ba ruwana."

Na sa ta a jakata na tafi da ita gida, unguwar Bani Harisa. Laifi na biyu kenan, fitar da kayan kulob, amma ko a raina ban kawo ba. Ina da man kaɗe mai kyau da nake saya wurin wata 'yar uwarmu a Anbariyya. Ranar Alhamis na zauna na goge dattin, na shafe ta ciki da waje, ta shanye, na ƙara, ta shanye, na sake ƙarawa. Na ja igiyoyin na ɗaure tamau. Yatsan da ya karkace na miƙar da shi. Sannan na shimfiɗa ta a ƙarƙashin buhun shinkafa ta kwana biyu don ta miƙe sosai. Da na ɗauko ta safiyar Asabar, sai sheƙi take, ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Na ajiye masa a kabad a kan rigarsa, ina jin daɗi a raina. Ban gaya wa kowa ba. So nake ya yi ta mamakin wanda ya yi masa wannan alheri.

Bayan azahar aka fara wasa, lokacin sanyi ne. Muna tsaye a taga ni da Hawwa. Na lura tun suna ɗumama jiki yana ta dukan tafin safar da dunƙulen hannunsa, yana goga ta a cinyar wando. Na ɗauka jin daɗinta yake.

A zagaye na uku aka bugo masa wata a ƙasa, kai tsaye, irin wadda na sha ganin ya ɗauke kamar yana tsintar dabino. Ya sunkuya, ta shiga safar, sai yatsun suka lanƙwashe baya, ta fice ta tsakanin ƙafafunsa. Mutum ɗaya ya ci.

Namu suka farfaɗo. Bayan an tsaya an yi la'asar aka dawo, har zagaye na takwas muna da huɗu suna da uku. Suna da mutum biyu a tashoshi, an fitar musu da biyu, saura ɗaya a yi musanya. Aka sake bugo wa Mansur. Wannan karon ya danne ta da hannu biyu, ya cire ta, ya jefa wa mai tsaron tasha ta farko. Sai ƙwallon ta zame daga yatsunsa, ta tashi sama, ta wuce kan mutumin har jikin waya. Mutum biyu suka shige. Aka tashi suna da biyar muna da huɗu.

Da aka turo kwanduna, wandonsa na fara nema. A cinyar dama, inda ya yi ta goge hannu, akwai tabon maiƙo ya kai faɗin tafin hannuna. Na kai hanci. Man kaɗena ne.

Hawwa ta karɓi wandon ta jefa a ruwan zafi. Ta ce, "Ban gani ba, ba ki gani ba. Kina da 'ya a makaranta, maigidanki ba ƙarfi gare shi ba. In sharika ta ji kin fita da kayan kulob, ko sallama ba za a bari ki yi mana ba."

Gaskiya ta faɗa. Na jira in ga ko Mansur zai yi magana. Ya fito ta gaban ƙofarmu da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Ma'assalama, ya Khala," kamar kullum. Bai kalle ni ba dai.

Washegari aka manna takardar wasan a allon da ke baranda, kamar yadda aka saba. Na tsaya ina bi da yatsa. Na ga alamar kuskure sau biyu, kowace da lamba shida a gefe. Mai shara ya bayyana mini cewa kowane wurin tsaro da lambarsa, shida kuwa wurin Mansur ne. Na duba takardar sama da ƙasa. Akwai gurbin mai jifa, akwai na mai bugu, akwai na kowa. Babu gurbin mai wanki.

Kwana biyu ina ɗauke da abin. Maigidana, wanda ke gadi a wata gonar dabino nan Al-Awali, ya ce, "In kin yi shiru ba wanda zai kama ki. Amma na san ki, abinci ma ba za ki iya ci ba." Ranar Talata na sami Abla Nura. Ƙa'ida ce, ma'aikaciyar sharika ba ta zuwa wurin koci kai tsaye, sai ta hannun shugabarta. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ce, "Ya Rabi, kin san abin da kike jawo wa kanki?" Na ce na sani. Ta ce, "Yalla, mu je."

Kocin, Kyaftin Nadim muke ce masa, mutumin Pakistan ne, dattijo mai furfura a gemu. Larabcinsa a karye, nawa a karye, Abla Nura tana ɗinke mana tsakani. Na faɗi komai, har buhun shinkafar. Na roƙe shi abu ɗaya, a goge wa Mansur kuskuren nan biyu, tunda ba nasa ba ne.

Ya juya biron da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ba ni na rubuta ba, kuma ko ni na rubuta ba a gogewa. Mai rubutu abin da ƙwallo ta yi yake rubutawa, ba ya tambayar dalili." Sai ya tambaye ni, "Yaushe kika mayar da safar?"

Na ce da safe, kafin su iso.

Ya ce, "Wato ya gan ta awa uku kafin wasa. Ya sa hannunsa a ciki. Ya san ta lalace. Ya wuce ta gabana sau goma bai ce mini komai ba."

Na ce, "Kyaftin, ni yake rufa wa asiri."

Ya ce, "Na gane. Mutumin kirki ne. Amma akwai mutum takwas a fili tare da shi, su ma suna da iyali. Da ya faɗa, da na aro masa ta wani, ko in sa wani a wurin na rana ɗaya. Kuskure kowa yana yi. Shirun ne ba zan bari ya wuce ba."

Ranar Asabar mai zuwa, ya ce, Mansur benci zai zauna. Ni kuma ya roƙi Abla Nura kada a kai maganar ga kora. Aka rubuta mini inzar, wato takardar gargaɗi, na sa hannu da sunana cikakke. Na fito ina lissafin abin da na yi: na lalata masa wasa ɗaya da mai, na raba shi da na biyu da bakina.

Da yammacin ranar ya zo ƙofar ɗakin wanki ya tsaya daga waje, safar tana hannunsa. Da Larabci ya yi magana, ni ina mayar masa da Hausa, yadda muka saba.

Ya ce, "Lesh, ya Khala? Don me kika je? Na riga na shanye abin."

Na ce, "Ɗana, ba naka ba ne da za ka shanye."

Ya ce, "Tun da na buɗe kabad na ji ƙanshin. Irin man da kakata take shafa mana ne lokacin sanyi. Nan take na san ke ce. Ina da wata sabuwa a jaka, amma tauri gare ta kamar katako, ba ta kamu ba tukuna. Na ce wannan dai shekara tara muna tare, ba za ta ci amanata ba. Ni na zaɓa."

Na ce, "Ni na ga ta tsufa ne, ta karkace."

Sai ya miƙo hannunsa na hagu ya buɗe. Ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake, ya karye tun yana saurayi bai koma daidai ba. Ya ce, "Ba karkacewa ta yi ba. Hannuna ne haka." Ya nuna mini igiyoyin da na ɗaure, ya ce da gangan yake sassauta su don yatsun su baje. Tafin da na ga ya bushe, ya ce haka yake so, don ƙwallo ta tsaya a bakinsa ya cire ta da sauri, kada ta nutse. Duk abin da na kira lalacewa, shekara tara ya yi yana gina shi.

Hawwa tana guga a bayana, ta ce, "To ga shi ta mayar maka da ita amarya. Saura lalle."

Ya yi dariya, karo na farko. Ni ban iya ba. Na ce, "In ka yarda, akwai abin da mahaifina yake yi in fata ta sha mai da yawa. Amma wannan karon sai ka ce to, kuma sai Kyaftin da Abla sun sani."

Suka yarda, da sharaɗin safar ba za ta bar kulob ba. Maigidana ya kawo mini dusa daga wadda ake ba tumakin gonar. Na zuba a bokiti, na binne safar a ciki, na ajiye a inuwa, don rana tana ƙona fata. Dusa tana tsotse mai a hankali. Kullum da safe in zubar da ta jiya, wadda ta yi danƙo, in zuba sabuwa. Bayan atisaye Mansur ya zo ya zauna a dakalin ƙofa, in miƙa masa ita. Na kawo masa ƙaramar taɓaryar da nake daka yaji, da ita yake dukan tafin, ya sa ƙwallo a ciki ya matse, ya lanƙwasa yatsan nan kaɗan-kaɗan. Igiyoyin kuwa ni nake sassautawa da basilla, shi yana cewa, "Kaman shwayya, ƙara kaɗan. Bas, ya isa." Ban ja ko ɗaya ba sai da ya ce.

Hawwa ta ce da ta san aikin wanki zai kai mu ga yi wa safa turaren dusa, da ta zauna a Abeche.

Asabar ta zo, ya zauna a benci. Matashin nan ya shiga wurinsa. Ina taga ina kallo, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta so ya yi kuskure. Sai na tuna shi ma yana da uwa a wani wuri, mai yiwuwa tana kan sallaya a wannan lokacin. Na yi istigfari na koma kan guga. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya kuma buga wata mai nisa da ta shigo da mutum biyu. Muka ci wasan. Mansur ne ya fara tashi ya tare shi ya dafa masa kai.

Wasan ƙarshe aka mayar da Mansur. Safar ba ta koma yadda take ba, kada in yi muku ƙarya. Ya ce ta dawo kamar kashi biyu cikin uku. Amma ta daina zubar da mai, yatsun kuma sun tsaya. Duk wadda aka bugo masa ranar ya kama ta. A zagaye na bakwai aka bugo wata da ƙarfi can damansa, ya yi tsalle ya kwanta a ƙasa, ya tare ta da bakin safar, ya tashi a gwiwa ɗaya ya jefa, ta riga mai gudun da taki guda. 'Yan kallo suka tashi tsaye. Hawwa ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. A bugu kuwa sau huɗu ya shiga, sau ɗaya kawai ya kai tasha. Muka ci wasan da ɗaya. Wandonsa ya zo mana ja wur tun daga ƙugu har gwiwa, ban taɓa wanke datti da farin ciki irin na ranar ba.

Bayan kwana goma aka manna sunayen waɗanda aka sabunta wa kwantiragi. Na bari sai da barandar ta yi shiru, sannan na je. Ni mai karatu a hankali ce, ina bin kowane suna da yatsa. Na kai ƙasa. Na koma sama na sake bi, ko na tsallake layi. Ban tsallake ba. Sunan Mansur ba ya ciki.

Na roƙi Abla Nura ta tambayar mini Kyaftin, ko kuskuren nan biyu ne. Ta dawo ta ce ya ce shekaru ne da bugu, kuma ba shi kaɗai yake yankewa ba, a ofis takardun kaka gaba ɗaya ake dubawa. Na ce, "Amma biyun nan suna ciki." Ta ce, "Suna ciki." Na ce, "Da wasan da bai buga ba, wanda yaron ya haska." Ta ce, "Rabi, khalas, ya isa haka. Ba wanda zai iya gaya miki." Haka ne kuwa. Har yau ba wanda ya iya gaya mini.

Ranar da ya zo kwashe kayansa, na riga na wanke rigarsa mai lamba goma sha huɗu na goge, ko da yake ba wanda ya sa ni. Ya tsaya a ƙofa kamar kullum. Na miƙa masa, na ce, "Mansur, ka yafe mini. Ban san ko ni na raba ka da abincinka ba."

Ya karɓi rigar ya daɗe yana kallonta. Sai ya buɗe baki da Hausa, wadda ban taɓa jin ya yi ba, tana fita da ƙyar kamar yana taka tsakuwa ba takalmi. Ya ce, "Inna, ba komai. Ƙwallo ya zo wurina. Hannuna ne."

Hawwa ta ce, "Ƙwallo ta zo, ba ya zo ba. Shekara talatin kana ɓoye mana wannan Hausar, ashe gara da ka ɓoye."

Muka yi dariya mu uku, ni ina share ido da bakin mayafi. Ya sa rigar a jaka, a kan safar, ya tafi. Yanzu yana tuƙa motar ɗaukar masu ziyara. Wani lokaci nakan hango shi wajen Anbariyya, ya danna mini oda ya ɗaga hannun nan mai lanƙwasasshen yatsa.

Ya ce hannunsa ne, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Haka mutanen wasan nan suke, na lura da su shekara da shekaru. In ƙwallo ta zo wurin mutum, tasa ce, ba ya waiwayen wanda ya share fili ko wanda ya ɗinka takalmi. Sun yarda a rubuta sunansu su kaɗai. Amma ni da na ga tabon man a wandonsa, na san akwai hannuna a cikin lamba shidan nan, ko da takarda ba ta da wurin sa shi.

Abin da nake so ku riƙe kenan. Mu a ɗakin nan ba a rubuta mu in an ci, ba a rubuta mu in an faɗi. Duk abin da muka yi, sunan wani yake hawa. Don haka ya kamata hannunmu ya fi na kowa taka-tsantsan, musamman ranar da zuciya ta ce mana alheri za mu yi. Za ku ga hula da ta yi baƙi da gumi, za ku ga takalmi da aka yanke masa gefe da reza, za ku ga kulki da aka naɗe da tsumma mai danƙo. Ba ku san shekara nawa mai shi ya yi kafin abin ya zama haka ba. In kun ga kamar yana son gyara, ku tambaya. In ba wanda za ku tambaya, akwai shiryayye a bayan ƙofa, ni na roƙa aka kafa shi bayan wannan abin. Ku ɗora shi a kai yadda kuka same shi, da ƙurarsa da karkacewarsa, har mai shi ya zo.